Allunan Aro

A bangon falonmu da ke Yamai akwai wani hoto wanda duk baƙon da ya zauna sai idonsa ya kai kansa. Ni ne a ciki, ina da shekara 28, sanye da wata jibgegiyar riga shuɗiya, ƙafafuna a kan allunan zamiya guda biyu, hannuwana riƙe da sanduna, a bayana kuwa dutse ne fari fat har iyakar ganin ido. An ɗauke shi a watan Fabrairun 2007 a Chamrousse, wanda Faransawa ke furtawa Shamrus, wani wurin wasan zamiya a kan duwatsun Belledonne, kimanin kilomita 30 daga birnin Grenoble inda na yi karatun digiri na uku. Rigar ta aro ce, allunan na aro ne, sandunan ma haka. Wani abokin karatuna ne ya zare ƙafafunsa daga takalman ya ce in saka, na tsaya a wani fili shimfiɗaɗɗe na kamar minti biyar, aka ɗauki hoto, na cire na mayar masa da kayansa. Ko kamu ɗaya ban zame ba. Sauran yinin a wani ɗakin jira na yi shi ina hura hannuwana, domin ba ni da kuɗin tikitin hawa, balle na hayar kaya.

Ban taɓa buɗe baki na ce na iya ba, kuma da wannan nake lallashin kaina shekara da shekaru. Amma idan baƙo ya ce, "Ashe Malam har wasan Turawa ka taɓa?" sai in yi murmushi in ce, "Ai zamanin ƙuruciya ne." Yara suka taso da labarin, ni kuma ina ƙara masa gishiri kaɗan-kaɗan: yadda iska ke yankar kunne in ana gangarowa, yadda ake karkata jiki a kwana. Duk a talabijin na gani. Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa tambayata komai a kan hoton ba, ita ce uwargidana, wadda zan kira Hajiya a nan kamar yadda nake kiranta a gida. Takan goge ƙurar hunturu daga gilashinsa yadda take goge agogon bango, ta wuce. Na ɗauka abin ne bai dame ta ba.

A farkon 2005 aka ɗaura mana aure a Damagaram. A watan Oktoba na tafi Faransa na bar ta da tsohon ciki a gidan mahaifiyata. Shekara huɗu na yi, sau biyu kacal na zo gida. Wanda ya yi karatun waje a wancan zamani ya san yadda ake magana da iyali: a sayi kati, a kankare lamba, a shiga rumfar tarho ta bakin titi, a yi ta sauri kafin kuɗin su ƙare. A irin wannan magana ta minti shida, gaisuwa ke cinye huɗu. A ɗaya daga cikin sauran biyun ne na yi mata alkawarin cewa wata rana zan kawo ta ta ga dusar ƙanƙara da idonta. Na faɗa ne don in cike shirun da ya shiga tsakaninmu, na kuma mance.

Ita ba ta mance ba. A ƙarshen 2022 aka gayyace ni in zauna cikin alƙalan da za su saurari wani ɗalibi yana kare kundinsa a Grenoble, a ƙarshen Janairu mai zuwa. Da na karanta mata takardar, sai ta ce, "Malam, alkawari kaya ne." Na kawo maganar tsada, ta ce kwasar adashinta ta zo daidai. Na kawo maganar biza, ta ce a gwada. Aka gwada, bayan doguwar zirga-zirga aka samu. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne yanayi. A farkon Janairun 2023 an yi ɗumi irin wanda ba a saba ba a Turai, aka yi ta nuna hotunan gangaren duwatsu kore shar, wasu wuraren wasan ma suka rufe. Allah ya gafarta mini, na yi fatan abin ya ɗore. Sai ga shi a tsakiyar watan ƙanƙara ta sauka, ta sauka sosai.

Daga Faris jirgin ƙasa ya kai mu Grenoble cikin kamar awa uku. Aikin da ya kawo ni yini ɗaya ya ci. Washegari muka hau bas. Birnin yana kwance ne a kwari, tsayinsa daga teku mita 200 da ɗan ɗoriya, kusan daidai da Yamai, amma cikin awa ɗaya da wani abu motar ta haura da mu zuwa tsayin mita 1,650, ta Uriage, a kan hanya mai lanƙwasa kamar macijin da aka taka. Kunnuwanmu suka toshe. Na shiga yi wa Hajiya bayani cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kamar digiri shida da rabi, ita kuwa goshinta na jikin gilashi, ba ta ce komai ba. Mun baro birnin cikin hazo mai duhu. Can wajen rabin hanya motar ta kutsa cikin gajimare, muka yi ɗan lokaci ba ma ganin komai, sa'an nan muka ɓullo ta samansa cikin rana tarwai, itatuwa duk sun sunkuya da farin kaya, kwarin da muka baro kuma ya rufe ruf kamar an kifa masa faifai. Ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Daga nan ta juyo ta dube ni, ta ce, "Nan ne wurin hoton?" Na ce nan ne.

Mun kama ɗan ƙaramin ɗaki mai murhu a unguwar da ake kira Recoin, domin cin abinci a waje sau uku a rana ya fi ƙarfinmu. Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma malamin makaranta ba ya iya hana kansa lissafi. Ga shi abincin duwatsun nan sai an yi tambaya: wanda suka fi alfahari da shi, na dankali da cuku, da naman alade ake yin sa, narkakken cukun da ake tsoma burodi kuma da giya ake dama shi. Hajiya ta zo da yajinta da kukarta, sai muka huta.

A shagon hayar kaya ne ramin ya fara ƙurewa. Ga wanda bai sani ba, allon zamiya ba a ɗaure yake da ƙafa tamau ba. Akwai wani maƙalli a kansa da ke riƙe takalmi ta gaba da ta baya, an kuma yi shi ne yadda idan mutum ya faɗi ƙafar ta murɗe, zai saki, allon ya fita, ƙashi ya tsira. Ƙarfin riƙon kuwa saita shi ake yi gwargwadon mutum. Don haka saurayin da ke shagon ya tambayi kowannenmu tsayinsa, da nauyinsa, da shekarunsa, ya auna takalmi, sa'an nan ya yi tambaya ta ƙarshe: sabon shiga ne, ko matsakaici, ko gwani? Hajiya ta ce ita yau ta fara ganin abin. Ya juyo gare ni. Tana tsaye a gefena da hular kwano a hannu. Na ji bakina ya ce, "Matsakaici. Amma na daɗe ban yi ba." Ya ɗauki sukundireba ya ƙara wa nawa juyi, ya miƙo mini. Ya yi aikinsa daidai bisa abin da aka gaya masa.

Na ce da Hajiya zan shiga ajin sababbi tare da ita don kada ta ji kaɗaici. Ta ce ta gode.

Malamar da aka ba mu wata dattijuwa ce mai jajayen kaya irin na malaman zamiya na Faransa, fuskarta rana ta ƙona ta sai zagayen tabarau. Mu takwas ne a ajin, a wani ɗan gangare da ko akuya ba za ta kira shi tudu ba. A gefenmu ajin yara ne, ƴan shekara huɗu da biyar, suna bin juna a layi kamar ƴan agwagwa, ba sanda a hannunsu, ba tsoro a fuskarsu. Darasin farko shi ne yadda ake tsayawa: a haɗa kawunan allunan a gaba, a ware gindinsu a baya, a ɗan kwantar da gwiwoyi ciki don gefen allunan ya ciji ƙanƙara. Hajiya ta duba ta ce, "Ai garma ce." Sunan ya bi abin har muka dawo gida. Darasi na biyu ya fi wuya, domin gaba yake yi da abin da jiki ke so. Idan ƙasa ta fara gudu a ƙarƙashin mutum, jikinsa baya yake ja, kuma da ya ja baya nauyinsa ya bar kawunan allunan, sai su kuɓuce masa su ƙara gudu. Abin da ake so shi ne ya tura ƙaurinsa gaba ya jingina da harshen takalmi, wato ya miƙa kansa ga gangaren da yake tsoro. Juyawa ma haka take a birkice: mai son zuwa hagu ƙafar dama zai danna.

Na fahimci duk wannan tun kafin malamar ta rufe baki. Har tambayoyi na yi mata masu ma'ana a kan nauyi da santsi. Da aka ce bisimilla, na yi taku uku, na zauna daɓas. Na tashi, na sake zama. Kafin azahar na faɗi sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa. Hajiya sau biyu ta faɗi, tana dariya, daga nan ba ta ƙara ba. Na lura kanta a miƙe yake, idonta can gaba inda za ta, alhali ni nawa yana kan alluna. Da dare na tambaye ta sirrin, ta ce, "Wadda ta ɗauki tulu tun tana ƴar shekara bakwai ba ta duban ƙafarta, Dakta." Ba ta kirana Dakta sai in da magana. Na ce ƙafa ce ta manta, gobe za ta tuna. Ta ce Allah ya sa.

Bari in ɗan ratse, tunda masu karatun Hausa nake wa rubutu. Na sha gaya wa ɗalibai cewa "dusar ƙanƙara" kyakkyawan misali ne na yadda harshe ke raɗa wa baƙon abu suna da kayan gida: ƙanƙara mun san ta, wadda kan faɗo da ruwan farkon damina, dusa kuma ga ta a kowane turmi. A rana ta biyu Hajiya ta rushe mini misalin. Ta ce wanda ya raɗa sunan bai taɓa surfe ba, ko kuwa sau ɗaya ya ga abin. Wadda ke saukowa da sanyin safiya ba iska, in ji ta, audugar rimi ce. Wadda injuna ke fesawa a gefen hanya, mai ƙwayoyi masu tauri, tsaki ce. Wadda ta kwana ta daskare har allo ke ƙara a kanta, ƙanzo ce. Ta bayan azahar da rana ta taɓa, mai nauyi mai kama ƙafa, ƙullu ce. Dusa ta gaskiya, busasshiya mai tashi in an shure ta, sau ɗaya muka gan ta, a inuwar itatuwa. Na rubuta duka a littafina. Game da ta injin ma tana da gaskiya ta fuskar ilimi, domin ruwa ne ake fesawa da matsattsiyar iska cikin sanyi, ɗigon ya daskare tun bai kai ƙasa ba, don haka dunƙulalle yake faɗowa, ba shi da rassan nan shida na wadda ke saukowa daga sama.

A rana ta uku malamar ta raba ajin. Mutum biyar, har da Hajiya, za su bi sandar ja su hau kore. Hanyoyin zamiya a Faransa launi huɗu ne bisa tsananin gangarensu, kore, shuɗi, ja, baƙi, kuma kore ne na masu koyo. Mu uku za mu zauna a gangaren yara mu ƙara maimaita garma. Ta faɗe shi da ladabi ƙwarai. Na tsaya ina kallon matata ta maƙale faifan sandar tsakanin ƙafafunta, igiya ta ja ta sama a hankali, gefen gyalenta na leƙowa ta ƙarƙashin hular kwano. Ni da ke da hoto a bango.

Abin da na yi bayan an tashi darasi ba shi da wani suna sai wauta. Na ce mata zan ɗan zaga. Na hau kujerar lilo, wadda ban taɓa hawa ba, na sauka a sama da taimakon Allah da na wani yaro da ya riƙe mini gwiwar hannu, na nufi hanya mai alamar shuɗi. Mita hamsin na farko lafiya. Sai hanyar ta karya kwana ta sunkuya, na hangi rufin gidaje can ƙasa ƙanana kamar akwatunan ashana, jikina ya ja baya. Sauran ban iya ba da labarinsa dalla-dalla. Na san allon hagu ya kafe, jikina ya juya, allon bai fita ba sai da gwiwata ta riga shi amsawa. Na kwanta ina kallon sama, shuɗiya ƙwarai, ina jin ƙanƙara na narkewa a cikin wuyan rigata.

Masu ceto biyu suka zo, suka naɗe ni a wani abu kamar kwalekwale, ɗaya ya ja ni zuwa ƙasa, kaina a baya, mutane na wucewa ta gefena. A Faransa wannan ɗauka ba kyauta ba ce, kuɗi ne masu nauyi. Allah ya sa ranar da muke sayen tikiti Hajiya ta nace a ƙara ƴan kuɗin inshora, ni kuwa har na ce ɓarna ce. Likita ya ce jijiyar gefen gwiwa ce ta ciki ta ja, ba ta tsinke ba. Ya ɗaura mini abin tallafi, ya ba ni sanduna irin na guragu, ya ce ni da zamiya sai wata shekara.

A kan kujera na yi sallar isha'i. Hajiya ta ɗora mini ƙanƙara a ƙulle cikin tawul, wadda ta ɗebo daga bakin taga, ta zauna a bakin gado. Can sama a jikin dutse fitilun motocin da ke baje hanyoyi da dare suna hawa suna sauka. Ta daɗe tana kallonsu, sa'an nan ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, a wancan zaman naka sau nawa ka yi wasan nan?"

Na ce, "Minti biyar. A tsaye."

Ta yi shiru. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta kifa kai a cinya, ni ma na fara tayawa don kunya. Da ta ɗago na ga hawaye, na ɗauka na dariya ne, sai na ga dariyar ta tsaya su ba su tsaya ba.

Ta ce, "Da na sani, da na huta da haushin shekara goma sha shida."

Ga abin da ta gaya mini. Hoton ya iso Damagaram a watan Maris na 2007, cikin ambulan, tare da ƴan kuɗin da na ba wani ɗalibi mai zuwa gida ya kai. Bai same ta a gida ba, aka kwatanta masa asibiti. Ranar kwananta huɗu ke nan a can da ɗanmu na fari, wanda har yau ba ta kiran sunansa sai dai ta ce yaron nan. Yana da wata goma sha huɗu. Wuyansa ya sanƙare, yana ta jijjiga, ba ya kama nono. A kan tabarma ta buɗe ambulan ɗin, a gindin dogon yaro a farfajiyar asibitin, cikin zafin bazara da ƙura. Ta ce kuɗin sun zo a kan gaɓa, da su aka sayi sauran allurai. Sai ta zaro hoton, ta ga mijinta cikin farin wuri mai sanyi, yana dariya, yana wasa. Ta tura shi ƙarƙashin tabarma.

Na ce, "Amma zazzaɓi kuka ce mini."

Ta ce, "Inna ce ta hana. Ta ce in ka ji za ka baro karatun ka taho, kuma ba abin da za ka yi masa wanda likita bai yi ba. Na ga gaskiyarta. Kuma da ka kira ranar Juma'a, muryarka ƙalau, kana ba ni labarin dutse."

Inna ta rasu a 2015, Allah ya jiƙanta, ban kuma ga laifinta ba ko a daren. Laifin da na gani nawa ne, kuma ya girmi hoton. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san sunan zazzaɓin da ke zuwa da bazara ya tafi da jin yaro. Da na zo hutu a 2008 na lura yaron yana juyo da kunnen dama in ana masa magana. Na tambaya sau ɗaya, aka ce wani zazzaɓi ne mai zafi da ya yi bara, na ce Allah ya sawwaƙe. Mun kai shi wurin likitocin kunne daga baya, na sayi abin da aka ce a saya, na zauna da malamansa don a riƙa sa shi a gaban aji. Amma kalmar sanƙarau ban taɓa furta ta ba, ban kuma taɓa cewa matata ta ba ni labarin kwanakin nan ba. Mutumin da sana'arsa ita ce tambayar tsofaffi asalin kalma har su gaji da shi, ya kasa yin tambaya ta biyu a cikin gidansa. Ina jin na san amsar, na kuma san idan aka faɗe ta sai na tambayi kaina inda nake a lokacin.

Sai na gaya mata nawa. Kuɗin da ke cikin ambulan ɗin na wanke-wanke ne, a bayan wani gidan abinci, daga bakwai na yamma zuwa ɗaya na dare. A wannan hunturun aka dawo mini da babi biyu na kundina jajir da gyara, gyaran da ya cancanta, har na fara tambayar kuɗin jirgin komawa gida. Ɗakina a Saint-Martin-d'Hères yake, unguwar jami'a, kuma in dare ya yi sarari ina hango fitilun Shamrus daga taga, can sama, kamar wani gari na mutanen da ba su da damuwa. Na ce, "Na aiko da hoton ne don hankalinku ya kwanta."

Ta ce, "Ni ma ai don naka ya kwanta na ce zazzaɓi ne."

Na tambaye ta me ya sa ta bar shi a bango duk shekarun nan. Ta ce, "Kai ka rataya shi." Na ce to gogewar fa? Ta ce, "In ban goge ba wa zai goge?" Ta tashi ta canza ƙanƙarar tawul ɗin, ta kashe fitila.

Ba zan ce gari ya waye komai ya warware ba. Da safe ta gaishe ni, ta haɗa mini shayi, ta ɗaura hular kwanonta ta fita, maganarmu ba ta wuce goma ba. Kwana biyu na yi a bakin taga da ƙafa a kan matashi. Na karanta duk takardun da ke ɗakin, har na masu yawon buɗe ido, inda na sake tuna cewa a kan wannan dutsen aka yi tseren gangara na gasar Olamfik ta hunturu ta 1968, wadda Grenoble ta karɓi baƙuncinta, inda Jean-Claude Killy ya lashe zinariya uku. A da ina ba yara labarinsa kamar wani ɗan unguwarmu. Tsakanin shafi da shafi ina neman gyale mai ruwan goro a cikin masu gangarowa. Na iya gane ta daga nesa, domin ita kaɗai ce ke tafiya a miƙe kamar mai zuwa rijiya, ba gaggawa, tana yanka gangaren daga gefe zuwa gefe. A daren na biyu ta dawo kumatunta sun yi sanyi, ta zauna, ba tare da na tambaya ba ta ci gaba da labarin asibitin daga inda ta tsaya: matar da ke tabarmar kusa da tata, wadda nata yaron bai tashi ba, da daren da namu ya buɗe ido ya nemi nono. Na saurara har ta gama. Wannan karon na yi tambayoyi.

Ranar ƙarshe muka shiga motar igiya tare, wadda ke ɗaukar har marasa alluna, zuwa ƙololuwar da ake kira Croix de Chamrousse, mita 2,250. Na gaya mata yanzu mun fi kowane wuri a Nijar tsayi, domin Idukal-n-Tages da ke duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin mita 2,022 ne. Ta ce wannan dai ta yarda da shi tunda a littafi na gani. Duwatsun Vercors da na Chartreuse suna tsaye a ƙetaren kwari. Na dogara sandunana zuwa bakin shinge don in nuna mata unguwar da na zauna, amma gajimare ya rufe birnin gaba ɗaya, sai na nuna mata wajen da hannu kawai. Muka sauko. Da la'asar ta yi gangarowarta ta ƙarshe a kan kore, na tsaya a ƙasa da ƙafa ɗaya na ɗauke ta a waya tun daga sama har ta zo gabana ta buɗe garma ta tsaya cak. Muka aika wa yara. Ba a yi minti biyu ba amsar babban ta shigo: "Mama ta iya! Saura na Baba." Hajiya ta miƙo mini wayar ba ta ce komai ba. Na rubuta masa cewa Baba yana da labari, sai mun dawo.

Mun yi maganar mu uku bayan dawowarmu, na zauna ta damansa. Abin da aka faɗa a wurin ba na rubutu ba ne. Wannan da na rubuta ma sai da Hajiya ta karanta ta yarda, bayan ta gyara mini lissafin faɗuwata ta ranar farko, wadda ta ce goma sha uku ce.

Hoton kuwa na ɗauko kujera zan sauke shi, ta ce in bar shi inda yake, amma da sharaɗi: daga yau duk baƙon da ya tambaya, ita za ta amsa. Ba a yi mako biyu ba wani abokin aikina ya zo duba ƙafata. Ya sha ruwa, ya ɗaga kai, ya ce, "Ikon Allah, gwani ma yakan faɗi. Shekara nawa ka yi kana yi, Dakta?" Na dubi ƙofar kicin. Daga ciki muryarta ta fito, tare da ƙarar ludayi a bakin tukunya: "Minti biyar ne, Alhaji. A tsaye."